Na faɗo daga mashin, zama ya gagare ni, kuma ina jin nauyin nuna wurin

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Mabera cikin garin Sakkwato, sana'ata kabu-kabu. Yau kwana 6 ke nan na kauce wa wani mai keke, taya ta zame kan yashi, na faɗi zaune, ɗuwawuna na dama ya bugi bakin kwalbati. Na miƙe da ƙafafuna, ni ma na kai mashin ɗin gida. Da dare wurin ya kumbura. Inna ta sa aka dafa ruwa maiɗakina ta gasa mani, ƙanena ya murza da man zafi, amma da gari ya waye sai kumburin ya ƙaru. Rana ta uku na koma aiki saboda mashin ɗin ba nawa ba ne, kullum sai na kai balas, ban kai azahar ba na dawo gida da ɗingishi. Yanzu wurin ya yi baƙi har ya gangaro bayan cinya, in na daɗe zaune sai in ji wani zugi yana bin ƙafar. Zaman tahiya ma wahala yake ba ni. Inna ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya fidda mataccen jini, ko a kai ni wurin mai ɗori. Maiɗakina ta ce asibiti, har sun fara 'yar tsama a kan haka. Abokina ya ce in je kyamis a yi mani allura biyu in miƙe. Mai mashin kuma ya fara kira. Gaskiya ina jin kunyar tuɓe wando gaban ma'aikaciyar asibiti. Mi ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Mutumin da ya faɗo daga mashin ya bugi kwalbati, ya tashi da ƙafafunsa, kansa bai taɓa ƙasa ba, ya ga arziki. Daga abin da ka bayyana, na fi kyautata zaton tsoka ce ta bugu jini ya taru a cikinta, kuma irin wannan ciwo yakan warke da kansa. Sai dai zugin nan da ka ce yana bin ƙafa ya sa ba zan ce ka kwanta gida kawai ba. Ina so wanda ya san aiki ya duba ka ko da sau ɗaya ne, zan kuma faɗa maka dalili.

Bari ka fara sanin abin da ya faru cikin jikinka, domin in ka gane shi, rabin gardamar gidanku ta mutu. Kowane ɓangare na mazaunai tsoka uku ne a jere, wata kan wata, kuma ta saman ita ce tsoka mafi girma a jikin ɗan Adam. Ita ke ɗaga ka daga tsugunno, ita ke hawa da kai tudu, ita ce kuma ke aiki duk lokacin da ka buga kik. Da ka faɗi, naman ya matse tsakanin siminti da ƙashin ƙugu, ƙananan hanyoyin jini suka fashe, jini ya kwarara cikin tsokar ba tare da fata ta tsage ba. Kumburin da taurin da kake ji, wannan jinin ne. Baƙin da ya gangaro bayan cinya kuwa ba yaɗuwa ciwon yake yi ba. Jinin da ya riga ya zuba ne yake bin ƙasa saboda nauyinsa, kamar yadda ruwan sama ke bin gangare, kuma yakan bayyana nesa da inda aka bugu bayan kwana 3 ko 4. Jiki da kansa yake narkar da shi ya kwashe, shi ya sa launin ke canzawa a hankali har ya ɓace. A farar fata akan ga shuɗi, kore, sannan rawaya, a irin fatarmu kuwa galibi duhu kawai ake gani yana dusashewa.

Gashin da aka yi maka daren farko da murzar, su suka ƙara kumburin. Kada ka mai da wannan abin zargi ga kowa, da kyakkyawar niyya aka yi, kuma haka muka tashi muka ga ana yi. Amma zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, murza kuma tana tarwatsa ɗan daskarewar da jini ya fara don ya toshe inda ya fashe. A awa 48 zuwa 72 na farko sanyi ake so da hutu. Murza mai ƙarfi a kan tsokar da ta tara jini tana da wata illar da mutane ba su cika sani ba: wani lokaci maimakon jinin ya narke, sai jiki ya fara gina ƙashi a cikin naman, bayan makonni mutum ya ji wani dunƙule mai tauri wanda kan ɗauki watanni bai tafi ba. Ba kowa yake samu ba, amma ya isa dalilin da ƙanenka zai ɗaga hannunsa daga wurin daga yau.

Shi kuma zugin, ga inda yake fitowa. Akwai wata babbar jijiya, kaurinta ya kai na ɗan yatsa, da ke fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ƙarƙashin tsokar mazaunai, ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. In tsoka ta kumbura ta ɗaure, ka kuma zauna a kanta, sai ta danne wannan jijiya. Sau da yawa da kumburi ya saɓe zugin ke tafiya. Amma wasiƙa ba za ta iya gaya mani ko danna ce kawai ko jijiyar ta ji rauni ba, ba za ta kuma nuna ko ƙashin ƙugu ko ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya ya tsage ba. Mutum na iya tafiya da tsagewar ƙashi. Wannan aikin hannu ne da ido, in ta kama a ɗauki hoton ƙashi. Ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai, in sun ga da buƙata za su tura ka Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. In ka ƙuje a wani wuri lokacin faɗuwar, ka faɗa musu don su duba batun allurar tetanus. Haka nan in kana da sikila, ko kana shan maganin tsinka jini, ko a gidanku akwai masu zubar jinin da ba ya saurin tsayawa.

Akwai kuma alamomin da in ka ga ko ɗaya ba a jiran wayewar gari. In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida ya kuɓuce maka ba ka sani ba, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da gabanka sun mutu ba ka jin taɓi, a ɗauke ka zuwa sashen gaggawa a wannan sa'ar, don alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan baya, kuma jinkiri a nan yana barin naƙasa. Haka in tafin ƙafar ya fara ja da ƙasa ba ka iya ɗaga shi, ko ƙafar ta kasa ɗaukarka gaba ɗaya. Haka in kumburin yana ƙaruwa yana ƙara tauri, zafin ya fi ƙarfin magani. In zazzaɓi ya shigo, wurin ya ɗau zafi yana bugawa, mai yiwuwa jinin ya zama mugunya, ƙurji ke nan a ciki. In fitsarinka ya koma launin baƙin shayi, tsokar da ta dagargaje ce ke zuba cikin jini, ƙoda kuma ba ta son haka. Akwai wani kumburi mai laushi da ke motsi ƙarƙashin fata in an taɓa, wanda masu faɗuwar mashin kan samu a ƙugu, shi ma a asibiti ake zuƙe shi, ba a gida ba.

Maganar kunya kuwa, na fahimce ka, ba kuma zan yi maka dariya ba. Kunya ado ce, amma ba a bar mutum ya lalace saboda ita ba. Kana da damar ka ce namiji kake so ya duba ka, ba wanda zai ga baƙinka don ka faɗi haka, kuma a sashen ƙashi maza ba su yi kaɗan ba. Ka sa wando mai mazagi, ka tafi da zane ko gyauto, wurin ciwon kaɗai za a buɗe. Mafi yawan gwajin ma ba sai ka tuɓe ba: a sa ka taka, ka tsaya kan dunduniya, ka ɗaga ƙafa, a taɓa tafin ƙafar a ji ko kana ji. Ka lura kuma da wani abu, ƙahon da allurar kyamis duk sai ka buɗe wurin nan da kake ɓoyewa.

Allurar nan ita na fi so ka nisanta. A ɗuwawu ake yin ta, wato cikin naman da ya riga ya tara jini, ko kusa da shi. Jinin da ya kwanta abinci ne ga ƙwayoyin cuta, allura ɗaya marar tsabta ta isa ta mai da ciwon mako biyu ya zama ƙurjin da sai an tsaga. In mai yin ta bai ƙware ba ya sauko ƙasa kaɗan, jijiyar nan da muka yi magana zai soka, kuma akwai mutanen da ke jan ƙafa har yau sanadin haka. Ko an yi ta daidai, zafin kawai take ɗaukewa na 'yan awoyi, ka hau mashin kana jin ka warke, ka yi ta dukan ciwon da gargadar hanya, da dare ka biya bashin. Abokinka so yake ka miƙe, ka gode masa, amma ka bar shawarar a inda ya ajiye ta.

Abin da za ka iya sha shi ne farasitamol, ƙwaya 2 masu miligiram 500, bayan kowace awa 6, kada ka wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Tunda an wuce kwanakin farko, in zafin ya yi yawa ana iya ƙarawa da ibufurofen na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, amma ba ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma ba, kuma gara ka tambayi wanda zai duba ka tukuna. Ka riƙa shan ruwa sosai. A garin da zafi kan haura digiri 40 a bazara, haɗa irin wannan magani da ƙishirwa cutar ƙoda ne. Haɗin nan da masu tallar magani ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ka bar shi, ba ka san abin da ke ciki ba. Tiramol kuwa kada ma ka fara. Ka fi ni sanin yadda ya kama wasu abokan sana'arka, kuma da yawansu da ciwon jiki irin wannan suka soma.

A gida, babban maganinka shi ne ka sauke nauyi daga kan wurin. Ka kwanta rub da ciki, ko kan ɓarin hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. In zama ya kama, ka sa matashi mai taushi ka karkata hagu, kada ka wuce minti 20 ba ka miƙe ba, ka kuma fitar da walat daga aljihun baya. Zaman tabarma da na benci a majalisa a ɗaga musu ƙafa. In wurin ya yi zugi bayan ka yi tafiya, ka sa a sayo ƙanƙarar ruwan leda, a naɗe ta cikin tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a yini. Kada a ɗora ta kan fata tsirara, tana ƙuna. In kumburin ya tsaya cak ya fara saɓewa, to lokacin gashi ya yi: tawul da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a ɗora kawai, ba dannawa, ba murzawa.

Hutu kuma ba kwanciya wuni guda ba ne, tsokar da aka bari ba motsi ɗaurewa take yi. Ka riƙa zagaya tsakar gida, gobe ka kai bakin layi, jibi masallaci. Kana kwance rigingine, ka matse mazaunanka ka ƙirga biyar ka saki, sau 10. Ka jawo gwiwar dama zuwa ƙirji a hankali har ka ji ɗan ja, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. In waɗannan sun daina yi maka zafi, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka sauke. Ɗan tsami ba laifi, amma in ka ji suka ko zugin ya bi ƙafa, ka tsaya, ka koma na baya. In mako 3 ya wuce kana nan da ɗingishi, ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi.

Sallah ba abin da za ka takura kanka a kai ba ne. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Buhari. Kai tsayuwa ba ta gagare ka ba, zama ne matsalar, don haka ka zauna yadda ya sawwaƙa, nauyinka a hagu, ko ka miƙe ƙafar, ko ka sa matashi. Limamin unguwarku zai yi maka ƙarin bayani in ka tambaye shi.

To, sai Inna. Ba ta yi kuskure ba da ta ce akwai jini a wurin, akwai shi. Inda za a rabu shi ne hanyar fitar da shi. Ƙaho daga fata yake zuƙa, jinin naka kuwa yana can ƙasa cikin nama, ya riga ya daskare. Abin da zai fito sabon jini ne, a bar maka tsaga a wurin da ke gumi, ake kuma zama a kansa. Mai ɗori kuma karaya yake ɗorawa, in babu karaya abin da zai yi shi ne ja da murza, waɗanda su muke gudu. In ma akwai tsagewa a ƙashin ƙugu, ba irin wadda ake ɗaure wa kara ba ce. Amma kada ka je mata da wannan a matsayin gyara, kada kuma ka ce maiɗakinka ce ta faɗa. Ka same ta kai kaɗai, ka ce: Inna, ina so a ɗauki hoto a ga ko ƙashi ya taɓu kafin kowa ya sa hannu, ki sa mani albarka. Uwa ba ta ƙin a tabbatar ɗanta bai karye ba. Ka kuma ba ta nata aikin, ita za ta riƙa sa a kawo ruwan ɗumin nan in lokacinsa ya yi, ta yi maka addu'a, ta sa ido kada ka saci jiki ka hau mashin. Abin da ke ci mata rai shi ne kada a mai da ita 'yar kallo a jinyar ɗanta.

Maiɗakinka tana kan daidai, ka gaya mata haka a ɗaki, ka gode mata. Sannan ka roƙe ta ta janye daga gardamar. Kai ne mai ciwon, kai za ka yanke, kuma in maganar asibiti ta fito daga bakinka ba wanda zai ce an juya ka. Ciwon mako biyu bai kai a bar tabo tsakanin suruka da matar ɗa ba.

Mai mashin shi ma yana da gaskiyarsa. Dukiyarsa ce, wataƙila da balas ɗin nan yake cefane. Abin da ya fi ɓata irin wannan mu'amala shi ne ƙin ɗaukar waya. Ka kira shi yau, ko ka tura babban mutum, ka faɗa masa ka yi haɗari, ka kuma sa masa lokaci. Ƙaramin bugu kan lafa cikin mako 1 zuwa 2, wanda ya shiga nama sosai mako 4 zuwa 6, naka kuma da aka gasa aka murza aka hau mashin da shi, kada ka yi masa alkawarin ƙasa da mako 2. Ka ba shi zaɓi. Ko ka kawo amintacce, ƙanenka in ya iya tuƙi, ya riƙa fita da mashin yana kai balas, abin da ya ragu ku raba. Ko ka mayar masa da abinsa ya ajiye, da sharaɗin kai za a ba in ka warke, a gaban shaida. Ko ya yafe maka rabi ka biya sauran kaɗan-kaɗan in ka dawo. In ya ƙi duka, shugabannin ƙungiyarku na tasha sun saba sasanta irin wannan. In kana zubin adashi, ka nemi a ba ka ɗaukar wannan zagayen, don irin wannan ranar ake yin sa. Ka nuna masa lissafin a fili: direban da ƙafarsa ta dama ba ta da ƙarfi, ita ce kuma ƙafar birki, haɗari ne ga mashin ɗin da fasinjan da ke baya.

Kafin ka koma titi, ka gwada kanka a gida. Ka yi tafiya da sauri ba ɗingishi, ka tsugunna ka tashi ba dafa bango, ka tsaya kan ƙafar dama kaɗai, ka zauna kan benci rabin awa zugi bai sauko ba, ka buga kik ba ka cije baki ba. In duk sun yiwu, ka fara da rabin yini a cikin gari, da ƙarin soso a kan sit, kana sauka kana miƙe ƙafa tsakanin fasinja da fasinja. Lodin buhuna daga Kara da doguwar tafiya irin ta Wamakko ko Kware ka bar su sai mako na gaba, in rabin yinin bai tayar maka da ciwon ba.